Cizon Kare a Ƙasar Gafasa: Ruwa da Sabulu, Allura, Sannan Alƙali

Da zarar an kwashe amfanin gona a ƙasar Gafasa, sai karnuka su yawaita a hanya. Mafarauta sun fito da nasu, makiyaya sun shigo cin kara da nasu, ga kuma marasa ubangida masu kwana a juji da bakin mahauta. Ranar da ɗayansu ya cafki yaro a hanyar makarantar allo, abin da zai biyo baya sananne ne tun daga Ajingi har Gaya: samari su bi karen da gora su kashe, a ja mushen a yar a bayan gari, uwa ta ɗaure ciwon da tsumma, uba ya nufi ƙofar mai kare da faɗa. Kafin la'asar an yi asarar abu biyu, wato lokacin wanke ciwon, da kuma shi kansa karen, wanda shi ne babban shaida a gaban likita da gaban alƙali.

Abin tsoro a cizon kare bai tsaya ga raunin da ido ke gani ba. Ƙwayar cutar haukan kare tana cikin yawun dabbar, kuma idan ta shiga jiki jijiyoyi take bi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar kan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. A tsakanin nan ciwo ya warke, kowa ya manta. Sai wata rana zazzaɓi ya taso, wurin tabon ya riƙa ƙaiƙayi ko zugi, mutum ya fara firgita, ga ƙishirwa amma da ya ga ruwa maƙogwaro ya shaƙe. A nan ne dangi kan ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. Idan alamomin nan suka bayyana, kusan babu mai tashi, ko a Asibitin Malam Aminu Kano ko a Ingila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin kowane goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Yaro gajere ne, a fuska ko wuya kare ke samunsa, kusa da ƙwaƙwalwa, kuma yakan ɓoye yaƙushi don gudun bulala.

Maganin farko yana cikin kowane gida. A wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa, ana kwarara shi da buta, har tsawon minti 15 cur, a duba agogon waya kada a yi kirdado. Sabulun wanki ma ya wadatar, domin ƙwayar tana da kitse-kitse a bayanta, sabulu kuwa narkar da shi yake yi. Bayan nan a shafa aidin idan akwai. Barkono, toka, man birki, ƙasa, ko gashin karen da wasu ke ƙonawa su barbaɗa, duk datti suke ƙarawa. Ba a ɗaure ciwon tamau, kuma ma'aikacin lafiya da ya san aikinsa ba ya gaggawar ɗinke shi, don ɗinki na iya tura ƙwayar ciki.

Daga nan sai asibiti, a ranar, ba sai an ga abin da hali ya yi ba.

Akwai wani kuskure da ke cin rayuka a karkara shiru-shiru. A kai yaro kemis, a yi masa allurar tetanus, a ba shi kafso, iyaye su koma gida hankali kwance wai an yi allurar cizon kare. Allurar tetanus tana da amfaninta, tana hana ciwon sarƙewar haƙora, amma ba ta taɓa haukan kare ko kaɗan. Ta haukan kare allura ce daban, kuma sai an ajiye ta a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, don haka wadda ta kwana a kan kanta cikin zafin bazara ba abin dogaro ba ce. Ba kowane ƙaramin asibiti ke ajiye ta ba. Mutumin Gafasa ya fara da asibitin da ya fi kusa don a gyara ciwon, ya tambayi inda allurar take, ya karɓi takardar turawa zuwa Babban Asibitin Gaya ko na Wudil, ko Dutse da ke maƙwabtaka, in ta kama har Asibitin Murtala ko Asibitin Zana a birnin Kano. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin duba mai buƙatar taimakon gaggawa, saboda haka ba sai an jira takardar 'yan sanda ba.

Dattawa suna tuna allurai barkatai da ake yi a kewayen cibiya, har yanzu tsoronsu na hana wasu zuwa. An daina wannan tuni. Ta yanzu a dantse ake yi, ƙananan yara a cinya, ba a ɗuwawu ba. Bisa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018, ana yin ta ranar farko, rana ta 3 da ta 7, sannan a tsarin da ake yi cikin tsoka a ƙara ɗaya tsakanin rana ta 14 da ta 28. Wasu asibitocin suna kan tsohon tsari na allura biyar. Mai ciki da mai shayarwa duk ana yi musu. Idan haƙori ya huda fata, ko kare ya lashi ido, baki ko wani buɗaɗɗen ciwo, akwai ƙarin wani ruwan garkuwa, imunogulobulin, da ake tsirawa a cikin raunin kansa. Yana da tsada da wuyar samu, kuma bayan kwana bakwai da allurar farko ba a yin sa. Wanda ya makara da makonni shi ma ya je, muddin alamu ba su fito ba. Yaron da aka fara gwada allurar a kansa, Joseph Meister ɗan shekara tara, sai bayan kwana biyu da cizon aka kai shi wurin Louis Pasteur a Faris, ranar 6 ga Yuli 1885, kuma ya rayu har ya manyanta.

Shi kuma karen, idan an san mai shi, a ɗaure shi a keɓe, ana ba shi ci da sha, a sa masa ido kwana goma. Karen da ƙwayar ta riga ta sauko cikin yawunsa ba ya wuce waɗannan kwanaki lafiya. Idan ya cika su garau, likita na iya dakatar da sauran allurai, kuɗi ya huta. Sai dai ba a jiran kwana goman kafin a fara allura. Karen da ya haukace sosai, yana dalalar da yawu yana cizon duk abin da ya tarar, ko ya yi laushi muƙamuƙi a sake, ba a wasa da kama shi. A kashe, amma kada a fasa kan, kada a taɓa da hannu tsirara, a kira malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Ƙwaƙwalwar ake aikawa gwaji, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato ta daɗe tana wannan aiki. Sakamakon zai nuna ko sauran waɗanda ya ciza, har da awaki da shanu, suna cikin haɗari.

Ta fuskar shari'a, abin sha'awa shi ne yadda fiƙihun Malikiyya da dokar da aka gada daga Turawa suka haɗu a kan tambaya ɗaya: shin mai karen ya san karensa na cizo? A Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda malaman zaure a ƙasar Kano ke karantarwa, wanda ya riƙe kare mai cizo bayan an gargaɗe shi, lamunin ɓarnar yana wuyansa. A kotun zamani ma haka ne. A shari'ar Daryani da Njoku ta 1965, an tabbatar cewa karen ya taɓa cizon 'yar aikin gida, an kuma faɗa wa matar gidan. Kotu ta ce sanin matar sanin mijin ne, ta ɗora masa biyan diyya. Darasin ga mutanen unguwa a fili yake: karen da ya taɓa kai wa wani hari, a kai ƙararsa wurin mai unguwa ko dagaci gaban shaidu tun ranar, domin wannan gargaɗin ne hujja gobe. Ko babu tarihin cizo, ana iya kama mai kare da sakaci, kuma kundin Final Kod na Arewa ya mayar da sakin dabba mai haɗari ba tare da tsaro ba laifi. Wanda ya tsokani karen ko ya haura katangar mutane, hujjarsa ta yi rauni.

Hujjoji kuwa tun ranar farko ake tara su: hoton ciwon kafin ya warke, rigar da ta yage, sunayen waɗanda suka gani, katin asibiti, rasit na kowace allura, da lissafin kuɗin mota da kwanakin da aka rasa a gona ko kasuwa. A sanar da ofishin 'yan sanda don a rubuta. Yawancin irin wannan magana a zauren dagaci ko ofishin Hisba take mutuwa, kuma ba laifi, tunda maƙwabta ne da za su ci gaba da haɗuwa a masallaci ɗaya. Amma sulhun da ya tsaya a “a yi haƙuri, tsautsayi ne” alhali uba na shirin sayar da akuya don allura ta biyu, zalunci ne da aka sa wa rawani. A rubuta abin da mai kare zai biya, da ranar biya, shaidu su sa hannu. In ya ƙi, ga kotun Musulunci ga ta majistare, kuma marar hali na iya neman lauya kyauta a Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Duka ko ƙona dukiyar mai kare yakan mayar da mai ƙara wanda ake ƙara.

Musulunci ya halatta riƙon kare don farauta, kiwo da tsaron gona, kuma babu mai raba mafarauci ko Bafulatani da nasa. Abin da ake nema wurinsu allurar kare ce, daga wata uku da haihuwa, a riƙa sabuntawa duk shekara, a adana katin. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, cutar takan daina yawo a cikinsu. A 2022 Najeriya ta ƙaddamar da shirin kawar da ita, cikin burin duniya na hana mutuwa daga gare ta nan da 2030, kuma a kewayen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, likitocin dabbobi kan yi allurar kyauta a wurare da dama. Sarkin baka da arɗo su suka san gidan da kare yake a kowace unguwa da ruga, don haka ta hannunsu malamin dabbobi zai fi saurin tara karnukan Gafasa a rana ɗaya.