Gyaran fuskar alminiyam kafin fenti: abin da masu ƙera jirgin sama a gida suke yi, da yanayin kwarin Komadugu

A cikin wannan ƙasida za mu duba wani mataki mai cin lokaci wajen ƙera ƙaramin jirgin sama na alminiyam, wato shirya fallayen ƙarfen kafin a shafa musu fentin shimfiɗa (apprêt a Faransanci). Batun ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A shekarun 1990 an harhaɗa jiragen koyon tuƙi guda 60 a Kaduna don sojan saman Najeriya, masu suna Air Beetle, kuma asalinsu RV-6A ne, jirgin da kamfanin Van's na Amurka ya riƙa sayarwa gunduwa-gunduwa ga masu ƙira a gida. A 2007 kuma wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen alminiyam da injin Honda Civic. Mun zaɓi mu auna aikin da yanayin Bosso da Diffa saboda a nan abokan gabar wannan ƙarfe suka taru.

Alminiyam ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Da zarar iska ta taɓa shi sai wata fata siririya ta rufe shi, wadda kaurinta bai wuce 'yan nanomita ba. Ita ke kare shi, ita ce kuma ke hana fenti kamawa. Sai dai zallan alminiyam ya yi laushi ga fiffike, don haka jirage irin su RV suna amfani da gauraye mai lamba 2024, wanda ke ɗauke da tagulla kimanin kashi 4 cikin 100. Tagullar tana ƙara ƙarfi amma tana jawo ci. Maganin da kamfanin Alcoa ya fito da shi a 1927 shi ne Alclad: a lulluɓe fallen da zallan alminiyam ciki da waje. A kan fallen da ake rufe fiffike da shi, lulluɓin bai kai kaurin gashin kai ba. Wanda ya ɗauki samfefa mai kaushi ya goge da ƙarfi ya cire kariyar da ya saya da kuɗinsa.

Fatar nan tana jure ruwan da ke tsakanin pH 4 da 9 ko kusa da haka. Kanwa ta wuce nan. Duk macen da ta dafa wake da kanwa a tukunyar alminiyam ta ga yadda cikinta ke dushewa, ita ma toka haka take yi. To ƙasar Manga gidan kanwa da gishiri ce, daga kwaruruwan Maine-Soroa zuwa Gudumariya, kuma hunturu yana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Cadi ya zubo ta kan tafki. Ƙurar ita kaɗai ba ta ci. Amma idan ta shige tsakanin fallaye biyu da aka haɗa da ƙusar ribit, sannan raɓa ko laimar damina ta jiƙa ta, sai ci ya fara a inda ido ba ya gani. Alamarsa farin gari ne a gefen ƙusa, ko wasu zare-zare kamar sawun tsutsa a ƙarƙashin fenti.

Aikin yana farawa da cire maiko, har da na yatsun hannu. Daga nan a goge da soso irin Scotch-Brite tare da ruwan asid na fosforik da aka tsarma (Alumiprep 33 shi ne sananne), har shaƙin ƙarfen ya dushe. Kada a kusanto da soson ƙarfe na wanke-wanke, domin ɓurɓushinsa yana maƙalewa ya zama tushen ci. Fensir ma an hana yin alama da shi saboda wannan dalili. Gwajin tsabta ba ya buƙatar na'ura: a zuba ruwa a kan fallen, in ya shimfiɗu gaba ɗaya to an gama, in ya tattaru ɗigo-ɗigo to da sauran maiko. A nan muke jan hankali kan ruwan ɗauraya. Rijiyoyi da dama a gefen tafki suna da ɗanɗanon gishiri, kuma irin wannan ruwa in ya bushe yana barin abin da ake ƙoƙarin cirewa. Ɗauraya ta ƙarshe a yi ta da tataccen ruwa irin na batir.

Mataki na gaba shi ne Alodine 1201, wanda cikin 'yan mintoci yake mayar da fuskar ƙarfen ruwan zinariya, ya ba fenti wurin kamu. Yana aiki ƙwarai, amma yana ɗauke da sinadarin kuromiyam mai lamba shida, wanda aka tabbatar yana haddasa sankara. Tun Satumba 2017 Tarayyar Turai ta hana amfani da irinsa sai da izini na musamman. A kwarin da mutane ke sha daga rijiyoyi marasa zurfi, suke kuma ban ruwan tattasai daga kogi, ba mu ga hujjar zubar da ragowarsa a ƙasa ba. Wanda ba shi da hanyar tattara ruwan ɗaurayar a rufaffen mazubi ya tsallake wannan mataki, ya tsaya ga gogewa mai kyau da fentin shimfiɗa na efoksi mai haɗi biyu, ko ya nemi magungunan da ba su da wannan sinadari.

Fesawar kanta a yi ta a ranar da aka goge, ko kafin kwana ɗaya, tun fatar ba ta sake kauri ba. Shafi ɗaya siriri ya isa, domin a jirgi kowane giram lissafi ne. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Diffa, fentin kan bushe a iska kafin ya sauka, ya fito da kaushi kamar yashi, kuma haɗin efoksi yana daskarewa a kofi da wuri. Sassafe ya fi, a cikin ɗaki da aka yayyafa wa daɓensa ruwa, da takunkumin hanci mai tace tururi.

Masu ƙira sun daɗe suna gardama ko ya wajaba a fesa cikin jirgi duka, tunda Alclad yana da kariyarsa kuma fenti nauyi ne. Ga busasshiyar ƙasa mai tsabtar iska muna iya yarda da masu cewa a bari. Ga Bosso kuwa ra'ayinmu shi ne a shafe duk wurin da falle ya hau kan falle, da bakin da aka yanke, da kowane sashe da ba Alclad ba, tun kafin a buga ƙusa ta farko, domin bayan an haɗa ba sauran hanyar shiga.