"Steer clear of": jimlar Turanci da mutane da dama ke kuskuren rubutawa

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a Najeriya, akwai wata jimlar Turanci da ke yawan fitowa a sanarwar 'yan sanda da kanun jaridu, inda ake gargaɗin 'yan daba da su "steer clear of" rumfunan zaɓe. Ma'anarta ita ce su nisanci wurin, kada ma su kusance shi.

Sai dai a shafukan Facebook da WhatsApp, sau da yawa za ka ga an rubuta "stir clear" ko "steer clear off". Duka biyun kuskure ne, kuma irinsa na iya jawo wa ɗalibi asarar maki a jarrabawar WAEC ko NECO, ko ya rage wa takardar neman aiki kwarjini.

Kalmar "steer" na nufin sarrafa abin hawa, kuma daga danginta ne Hausa ta aro kalmar sitiyari. Asalin jimlar daga matuƙan jirgin ruwa ne, waɗanda ke karkatar da jirgi don kada ya ci karo da dutse. Ita kuwa "stir" motsa abu take nufi, kamar yadda ake motsa shayi da cokali. Idan ka tuna da sitiyari, ba za ka sake haɗa su ba.

Kalmar ƙarshe kuma "of" ce mai harafin f ɗaya. Turawa na furta ƙarshenta da sautin v, wanda babu shi a Hausa, shi ya sa a kunnenmu take kama da "off". Ga kuma "keep off" da ake gani a allunan gargaɗi, wadda ke ƙara rikita mutane.

Bayan "of" suna ne ke biyowa, kamar "steer clear of bad friends", wato guji miyagun abokai. Idan aikatau ne, sai an ƙara masa "-ing": "steer clear of borrowing", wato guji cin bashi. Idan abin ya riga ya wuce, kalmar farko kaɗai ke sauyawa: "he steered clear of".

Wanda ya rubuta "stay clear of" bai yi kuskure ba, domin ita ma karɓaɓɓiya ce. Idan kuma shakka ta kama ka a ɗakin jarrabawa, kalmar "avoid" ita kaɗai ta wadatar.