Kafin a Tambayi Mace ce ko Namiji, a Tambayi Ina Mabiyiya

A layin masu jiran hoton ciki, tambayar da aka fi ji ita ce: "Likita, mace ce ko namiji?" Da so samu ne, da an fara tambayar inda mabiyiya ta kwanta, domin ita ke ciyar da jariri, kuma matsalarta kan zubar da jinin uwa cikin 'yan sa'o'i.

Galibi a saman mahaifa mabiyiya ke mannewa. Amma a kusan ciki 1 cikin 200, takan zauna ƙasa ta tare bakin mahaifa har ranar haihuwa. Alamarta jini ne jajawur ba tare da ciwo ba, yawanci a watanni ukun ƙarshe. Mace na kwance, ta farka ta tarar zaninta ya jiƙe. Rashin ciwon ke yaudarar mutanen gida, a ce a bari zuwa safiya. Idan kuwa ungozoma ta sa hannu don dubawa, jinin na iya ɓallewa gaba ɗaya.

Bayan 1958 da Farfesa Ian Donald da abokan aikinsa a Glasgo suka nuna ana iya leƙa cikin mutum da sauti, wannan haɗari ya fara zama abin da ake hangowa daga nesa. A hoton mako na 20 ake fara lura da mabiyiyar da ta yi ƙasa. Mafi yawansu sukan yi sama yayin da mahaifa ke girma, don haka babu abin tashin hankali tukuna. Sai a maimaita a mako na 32, idan da hali a na 36. In har tazararta da bakin mahaifa ba ta kai milimita 20 ba, likita zai fara maganar tiyata.

Wadda aka taɓa yi wa aiki a mahaifa ta fi kowa buƙatar wannan duba. Mabiyiya na iya nutsewa cikin tabon tsohon ɗinki, ta ƙi fita bayan haihuwa, wani lokaci sai an cire mahaifar. Akwai kuma gwajin Dofla, mai auna gudun jini a igiyar cibiya. Shi ke nuna mabiyiya ta gaji, musamman ga mai hawan jini ko wadda jaririnta ba ya girma.

Hoton yana da iyaka. Ɓantarewar mabiyiya kafin naƙuda takan zo bagatatan, da ciwo da taurin ciki, kuma na'urar kan kasa ganinta.

Abin da ke damuna shi ne takardar sakamakon da ake ninkewa a jefa cikin jaka. A kai wa likita wurin awo ya karanta. Idan ya ce mabiyiya na ƙasa, maigida ya nemi asibitin da ke da ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini, ya tanadi 'yan uwa masu bayar da jini, ya kuma yi magana da mai mota tun kafin watan haihuwa ya kama.