Ciwon Zuciyar Masu Jego: Gado Ne Ko Talauci?

A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka ba da rahoton cewa kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu a yankin zuciyarta kan gaza, ta kumbura, tana haki ko a kwance. Suka ɗora laifin kan al'adun jego: wankan ruwan zafi, kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa da ke tara ruwa a jiki. Yau akalar bincike ta juya ga gado daga iyaye. A 2016 an duba mata 172 masu wannan cuta a Amurka, Jamus da Japan, aka tarar kashi 15 cikin ɗari suna ɗauke da naƙasa a ƙwayoyin halittar da ke gina tsokar zuciya, galibi a wadda ake kira TTN. Ita ke samar da taitin, zaren furotin da ke ba tsoka damar miƙewa ta komo.

Abin da ya sa wannan ya dame ni shi ne tabo. Tsokar zuciya idan ta mutu ba ta sake tsirowa; jiki kan cike gurbin da nama mai tauri wanda ba ya matsa jini, kuma yana rikita wutar da ke tsara bugu. Ga masu naƙasa a wata ƙwayar halitta, LMNA, tabon kan riga raunin zuciyar bayyana, har mutum ya yanke jiki ya faɗi alhali ana ganinsa garau.

Sai dai kuskure ne a ce gado ya warware zancen. Mutane da dama na ɗauke da naƙasar TTN har su tsufa lafiya lau; sai wani nauyi ya hau kan zuciyar, kamar ciki, giya ko maganin cutar daji, sannan ɓarakar ta fito. Rajistar masu cutar mai suna PEACE da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta ta nuna rama, rashin karatu, rashin sana'a da hawan jinin masu ciki ne ke tafe da cutar a Najeriya, ba ta kuma sami wankan jego da laifin da aka daɗe ana ɗora masa ba. Gado bai isa ya bayyana dalilin da ya sa Arewa maso Yamma ta fi Kudu fama ba.

Wani zai ce, tunda gwajin ƙwayoyin halitta ya fi ƙarfin aljihun talaka, kuma maganar gado na iya sa a ƙyamaci 'yan matan wani gida wajen aure, gara a bar ta. Tsoron gaskiya ne, amma shiru ya fi shi tsada. Tambayar mai ciki a wajen awo ko uwarta ko yayarta ta taɓa kumbura bayan haihuwa ba ta cin ko sisi, kuma amsar ce za ta nuna wadda ya kamata a yi wa hoton zuciya tun tabo bai kafu ba, da wadda za a gargaɗa kan sake ɗaukar ciki kafin zuciyarta ta farfaɗo.