Jan Ɗigo a Kan Ƙaramar Bindiga

Tun da aka fara ƙera ƙaramar bindiga, irin wadda ɗan sanda ke ratayawa a ƙugu, maharbi yake fama da wata mushkila wadda asalinta yana cikin halittar idonsa. Da ƙarafa biyu ake saita ta, ɗaya mai tsaga a baya, ɗaya tsaye a kan baki, sai mutum ya daidaita na gaba a tsakiyar tsagar, sa'an nan ya ɗora su a kan abin da yake nufi. Alhali kuwa ido, bisa yadda Allah Ya halicce shi, ba ya iya tsayar da gani a kan abu uku masu bambancin nisa a lokaci guda. Don haka malaman harbi suka daɗe suna horon ɗalibansu da su kafa ido a kan ƙarfen gaba, su bar abin harbin ya zama dishi-dishi. A filin horo wannan ba ya cutar da kowa. Amma ga jami'in da ya yi kiciɓis da mutum cikin dare, wanda wajibi ne ya tantance ko wuƙa ce a hannunsa ko waya kafin ya taɓa kunama, wannan dishi-dishin yana iya zama sanadin zubar da jinin wanda bai ji ba bai gani ba.

Wannan mushkila ce na'urar jan ɗigo ta zo warwarewa, kuma hikimarta tana komawa ga ilmin juyawar haske, wanda Ibnul Haisam ya yi bahasinsa a Kitabul Manazir tun ƙarni na 11. Wata fitila mai kamar ƙwayar gero tana jefa jan haske a kan gilashi mai ɗan lanƙwasa, wanda aka shafe da sinadarin da ke mayar da ja ya bar sauran launuka su wuce, hasken ya komo ido a miƙe tamkar daga nesa ya taho. Sai maharbi, idanunsa biyu a buɗe, ya ga ɗigon da mutumin da ke gabansa sarai tare. Ɗigon ba ya sauka a jikin kowa, maharbi kaɗai ke ganinsa.

Howard Grubb, maƙerin madubin hangen taurari a ƙasar Ayalan, shi ya fito da wannan dabara a 1900, kamfanin Aimpoint na Suwidin kuma ya fitar da mai aiki da batir a 1975. Dogayen bindigogi ne suka fara amfana, domin ƙaramar bindiga tana da murfin sama mai fizgowa baya da ƙarfi a kowane harbi, kuma wannan jijjiga takan ragargaza na'urar da ba ta da ƙwari. Sai da kamfanin Trijicon ya fitar da na'urarsa mai suna RMR a 2009, kamfanin Glock ya soma sayar da bindigogin da aka tanadar wa mazaunin na'urar a 2015, sojojin Amurka kuma suka zaɓi bindigar SIG Sauer a 2017 mai irin wannan mazauni, sa'an nan al'amarin ya yaɗu a ma'aikatun 'yan sandan ƙasar. Dattawan jami'ai, waɗanda ganin kusa ya fara yi wa wuya, sun fi kowa samun sauƙi.

Duk da haka, haƙiƙa na'urar tana da nata sharuɗɗa. Batir yakan ƙare, ruwan sama ko ƙura sukan rufe fitilar, abin da ya sa aka ƙera masu rufaffen jiki irin su Aimpoint ACRO, aka kuma bar ƙarafan saiti na da a wurinsu don ranar larura. Mafi girman matsala kuwa tana hannun maharbi: wanda bai saba ba yakan zaro bindiga ya tarar da gilashi fayau, ya shiga laluben ɗigo a daidai lokacin da ransa ke cikin haɗari, kuma babu maganin wannan sai maimaita zarowa har hannu ya riƙa kawo bindigar daidai da ido ba tare da tunani ba.

A ganina amfanin jan ɗigo ya rinjayi illarsa, domin yana barin idon jami'i a kan ɗan Adam da ke gabansa, inda shari'a da hankali suke son ya kasance. Sai dai duk hukumar da za ta raba wa jami'anta shi, lalle ne ta ware kuɗin harsashi da kwanakin horo tun kafin ta biya kuɗin na'urar.