Fiyanon da Ake Cusa wa Ƙusoshi

A 1940, a birnin Seattle na Amurka, wata mai rawa, Syvilla Fort, ta nemi John Cage ya tsara mata kiɗa. Dandalin ya yi ƙanƙanta, ba wurin zaman makaɗa, fiyano kaɗai ke akwai. Sai ya ɗaga murfinsa ya cusa ƙusoshi da tsumma tsakanin tsirkiyoyi, fiyanon ya shiga amo kamar ganguna. Kafin shi, malaminsa Henry Cowell ya riga ya fara zura hannu yana taɓa tsirkiyoyin kai tsaye.

Turawa sun ga abin mamaki. Amma wanda ya tashi a Kontagora yana jin zuzar zobban ƙarfen da ake maƙala wa garaya, ba zai ga baƙon abu ba. Marigayi Akin Euba, mai tsara kiɗa ɗan Legas, shi ma ya daɗe yana cewa a kaɗa fiyano kiɗan ganga.

To, wane irin fiyano ya dace da wannan kiɗan? Na lantarkin nan da ya cika majami'u da ɗakunan ɗaukar waƙa ba ya cikin lissafi, don ba shi da tsirkiya. Na tsaye kuma, injinsa ya tare gaban tsirkiyoyin, abin da aka cusa yakan sulale. Sai dai na kwance, mai tsirkiya wajen 230 a shimfiɗe. Shi ma a leƙa cikinsa tukuna: sandunan ƙarfen da suka ratsa shi sun bambanta daga ƙira zuwa ƙira, wata sandar takan rufe daidai inda hannu zai shiga.

Ni dai ba zan ba da shawarar sabo ba. Tsoho mai lafiya ya fi, wanda mai shi ba zai tsinke da fargaba ba in ya ga ƙusa.

Babbar matsalar a nan Kontagora ita ce iska. Tsirkiyoyin suna jan nauyin tan 18 ko fiye, kuma a cikin katako aka kafa turakunsu. Damina ta kumbura katakon, hunturu ya busar da shi, turakun su saki, sauti ya karkace. Don haka kafin a biya kuɗi, a sa mai gyara ya gwada turakun ɗaya bayan ɗaya, ya duba ko allon amon ya tsage. A kuma tambaye shi ko zai riƙa zuwa Kontagora sau biyu a shekara, da shigar damina da shigar sanyi.