Fuzibil ko disjonkter: gardamar da ta raba kan masu ƙera jirgin sama a gida

Ranar 10 ga watan Yulin 2007, wani ƙaramin jirgi mai inji biyu samfurin Cessna 310 ya tashi daga Daytona Beach a jihar Florida ta Amurka. Bai daɗe a sama ba matuƙansa suka kira ƙasa suka ce hayaƙi ya turnuƙe ɗakin tuƙi. Sun nufi filin jirgi na Sanford domin saukar gaggawa, amma ba su kai ba. Jirgin ya faɗa kan gidajen mutane, matuƙan biyu suka mutu, tare da wasu mutum uku da ke ƙasa.

Abin da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta gano ya fi haɗarin kansa tayar da hankali. Ana gobe abin zai faru, wani matuƙi daban ya ji ƙaurin ƙonewa a cikin jirgin, allon na'urar hango yanayi kuma ya mutu. Ya kashe na'urar, ya zare disjonkter ɗinta, ƙaurin ya ɗauke, ya rubuta rahoto. Ba a gyara komai ba aka sake sakin jirgin. Masu binciken sun ce alamu sun nuna an mayar da maɓallin kafin tashi, kamar yadda matuƙa suka saba danna duk wanda suka gani ya fito. Kuran ya koma cikin wayar da ke da ciwo.

Wancan jirgi na kamfani ne, ba haɗin gida ba. Amma labarinsa na cikin waɗanda masu ƙera jirgi da hannunsu ke yawan tunawa idan suka zo kan wata tambaya mai kama da ƙarama: me za a sa ya tsare wayoyin jirgin, fuzibil ko disjonkter?

Ga wanda bai sani ba, ƙera jirgi a garejin gida halal ne a Amurka, kuma sana'ar sha'awa ce ta dubban mutane. Sharaɗin hukumar sufurin sama ta ƙasar, FAA, shi ne mutum ya yi fiye da rabin aikin da kansa, don neman ilimi ko nishaɗi, abin da suke kira dokar kashi 51. Ƙungiyarsu ta EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, tana tara su kowace shekara a garin Oshkosh na jihar Wisconsin. Kamfanin Van's Aircraft kaɗai, mai sayar da sassan jirgi a akwati mutum ya haɗa, jiragensa na RV fiye da 10,000 sun riga sun tashi. Faransa ma tana da nata tarihin, tun zamanin Henri Mignet da ƙaramin jirginsa Pou-du-Ciel a shekarun 1930.

Ƴancin yana da farashi. Wani nazari da NTSB ta fitar a 2012 ya nuna cewa a 2011 jiragen haɗin gida kusan kashi 10 cikin 100 ne na ƙananan jiragen Amurka, amma su ke da kusan kashi 15 na haɗurra da kashi 21 na haɗurran da aka rasa rai. Matsalar inji da kuɓucewar tuƙi ne suka fi yawa a ciki. Sai dai wutar lantarki tana da nata matsayi a zukatan matuƙa, saboda dalili guda: mai mota idan ya ga hayaƙi sai ya gangara gefen titi ya fice, mai jirgi kuwa sai ya nemi wurin sauka yana shaƙar abin da ke ƙonewa.

Abu na farko da ake koya wa sabon maƙeri shi ne fuzibil, wanda ƴan Najeriya ke cewa fiyus, ba don rediyo ko fitila aka sa shi ba. Waya yake tsarewa. Idan rigar waya ta goge ta taɓa ƙarfen jikin jirgi, batir zai iya tura ɗaruruwan amfiya cikin siririyar waya, ta yi ja kamar garwashi cikin daƙiƙu. Aikin fuzibil shi ne ya narke kafin wayar ta ƙone. Shi ya sa ake zaɓen girmansa bisa kaurin waya. Littafin jagorar gyaran jirgi na FAA, AC 43.13-1B, yana da jadawali a kan haka: waya mai lamba 22, wadda kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, ba a ba ta kariyar da ta wuce amfiya 5, mai lamba 18 kuma amfiya 10. A wannan ma'auni, lamba tana ƙaruwa waya tana sirancewa.

Duk wanda ya taɓa ganin bakanike a Maraɗi ko Damagaram ya naɗe ƙonannen fuzibil da zaren jan ƙarfe don mota ta tashi, ya san abin da ake gudu. Motar za ta tashi, amma daga ranar wayoyinta ba su da mai gadi.

To, ina gardamar take? Disjonkter yana da farin jini saboda shi ake gani jere a jiragen kamfani. Idan kuran ya wuce kima sai maɓallin ya fito, matuƙi ya gani da idonsa, ya iya mayarwa. Yana iya zare shi da gangan ya raba wata na'ura da wuta. Masu goyon bayansa suna cewa mutum yana sama da dare, gwamma yana da abin dannawa da a ce hannunsa a ɗaure yake.

Ɗaya ɓangaren kuwa, wanda aka fi jingina wa Bob Nuckolls, masanin lantarkin jirgi na Amurka mai littafin The AeroElectric Connection, yana kallon lamarin ta wata fuska. Hujjarsu ita ce a jirgin da aka haɗa wayoyinsa da kyau, kariya ba ta katsewa haka kawai. Idan ta katse, akwai ciwo a wani wuri, kuma mayar da ita tamkar ba wutar dama ta biyu ce. Saboda haka suna ba da shawarar fuzibil irin na mota masu ƙafa biyu, a jera su a akwati ɗaya, a ɓoye inda hannun matuƙi ba zai kai ba yana cikin tuƙi. Sun fi araha nesa ba kusa ba, ba su da nauyi, ba su cin wuri a allon tuƙi, kuma babu abin motsi a cikinsu da zai tsufa ya maƙale. Arhar tana ba da damar kowace na'ura ta samu nata ita kaɗai, kada matsalar fitila ta kashe rediyo.

A ganina hujjar wannan ɓangare ta fi ƙarfi, ba don fuzibil ya fi disjonkter iya aiki ba, sai don ta san halin ɗan Adam. Mutumin da ke tuƙi, abu ya mutu a gabansa, hannunsa zai kai ga maɓalli kafin tunaninsa ya kai. Bayan haɗarin Sanford, FAA da kanta ta ja hankalin matuƙan ƙananan jirage cewa kada a mayar da disjonkter a sama sai na abin da tafiyar ba ta yiwuwa sai da shi, shi ma sau ɗaya bayan ya huce, kuma ba a mayarwa idan akwai hayaƙi ko ƙauri.

Amma ɓoye fuzibil yana zuwa da wani nauyi. Tsohuwar ƙa'idar ƙera ƙananan jirage ta Amurka ta ce idan mayar da kariya ya zama dole don tsira, to a sa ta inda matuƙi zai kai gare ta cikin sauƙi. Masu fuzibil suna amsawa da cewa a tsara jirgin yadda babu abu ɗaya da mutuwarsa za ta zama ajali. Sai maƙeri ya zauna da takarda ya bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya yana tambaya: ta yaya wannan zai lalace, yaya zan san ya lalace, kuma zan iya sauka lafiya ba tare da shi ba? Idan amsar ta ƙarshe a'a ce, maganin shi ne a tanadi na biyu mai hanyar wuta daban. Rediyon hannu a aljihu, ko ƙaramin allo mai batir na kansa, ya fi maɓallin da ake fatan zai kama a karo na biyu.

Nan ne zamani ya ƙara wa lissafin wuya. Tsofaffin injinan Lycoming da Continental suna kunna filogi da magneto, wanda ke samar da wutarsa da kansa. Ko batir ya mutu ƙurmus, inji yana ci gaba da juyawa. Yau maƙera da yawa suna sa injin da kwamfuta ke ba shi mai, famfon mansa kuma na lantarki ne. A irin wannan jirgi, ɗaukewar kuran ɗaukewar inji ce. Shi ya sa injin Rotax 912 iS yake zuwa da janareto biyu. A nan fuzibil da ya yi ƙanƙanta ya katse ba gaira ba dalili yana iya zama mafi haɗari fiye da wanda ya ɗan yi girma, kuma dole famfo biyu su sha wuta ta hanyoyi biyu da ba su haɗu ba.

Akwai kuma wayoyin da ba a sa musu kariya ko kaɗan. Ƙatuwar wayar da ke tafiya daga batir zuwa sitata tana ɗaukar kuran mai yawa ƙwarai lokacin tayar da inji, don haka a al'adar ƙananan jirage ba fuzibil a kanta. Kariyarta ita ce kyawun shimfiɗa: a ɗaure ta da kyau, a sa mata zoben roba duk inda ta ratsa ƙarfe, a nisanta ta da bututun mai da igiyoyin tuƙi, sannan a ajiye babban makunnin wuta daf da batir yadda dannawa ɗaya za ta kashe kusan komai. Ko su masu son fuzibil ɗin, akwai wuri ɗaya da sukan yarda da disjonkter: layin da ke sarrafa altanato, inda wani tsari ke katse shi da gangan idan ƙarfin wuta ya haura.

Kuma ba kowane ciwo kariya ke kamawa ba. Ranar 2 ga Satumban 1998, jirgin Swissair mai lamba 111, samfurin MD-11, da ya tashi daga New York zuwa Janiba, ya faɗa teku kusa da gaɓar Nova Scotia a Kanada, mutum 229 suka rasu. Binciken hukumar Kanada ya nuna wuta ta tashi a saman rufin ɗakin tuƙi, inda tartsatsin waya ya kama abin rufi mai cin wuta. Tartsatsi yana iya yin zafin da zai kunna gobara ba tare da ya ja kuran da zai fitar da disjonkter ba. Darasin da maƙeran gida suka ɗauka shi ne ingancin waya da yadda aka shimfiɗa ta suna gaba da zaɓen kariya. Shi ya sa suke sayen waya mai rigar Tefzel, wadda ke jure zafi har digiri 150, suna gudun ta PVC irin ta gida da mota, wadda idan ta ƙone hayaƙinta yana shaƙe numfashi a ɗan ƙurƙin ɗakin tuƙi.

Wata hanya ta uku ta shigo kasuwa, akwatin kariya na kwamfuta irin VP-X na kamfanin Vertical Power. Yana nuna wa matuƙi a allo yawan kuran da kowace na'ura ke ja, ya katse layin da ya wuce kima, ya faɗi wanne ne. Abin sha'awa ne, amma ya tara ƙwai da yawa a kwando ɗaya, kuma kuɗinsa zai sayi fuzibil da mutum ba zai ƙarar ba har tsufansa. Masu taka-tsantsan sukan bar na'urorin ceton rai da hanyar wuta ta ko-ta-kwana da ba ta bi ta akwatin ba.

A wannan yanki namu, lokaci zuwa lokaci hoton wani matashi da ya haɗa jirgi da tarkacen mota yakan zagaya Facebook da WhatsApp. A 2007 kafofin labaran duniya sun ɗauki labarin wani ɗalibin jami'ar Bayero ta Kano da ya haɗa helikwafta da sassan tsofaffin motoci da babura. Hankalin masu kallo yakan tsaya kan fukafuki da ƙarar inji, ba a cika tambayar abin da ke bayan allon tuƙi ba. A Amurka kuwa, kafin jirgin haɗin gida ya samu takardar tashi sai mai duba na FAA ko wakilinta ya bincike shi. Bayan nan matuƙin zai yi gwajin tashi a keɓaɓɓen yanki, bisa al'ada awa 25 ko 40 gwargwadon irin injin, kafin a yarda ya ɗauki fasinja. Shi kuma fasinjan, idan ya zauna, akwai ɗan allo a gabansa da doka ta tilasta a liƙa, mai sanar da shi cewa jirgin nan ba ya kan ƙa'idojin tsaro na jiragen kamfani.